Kuben Ƙaramar Bindiga na Fata: Abin da Mai Koyon Ɗinki da Rini Yake Tambaya

Wanda ya iya ɗinka kuben wuƙa ko na takobi, ai ya iya na bindiga ke nan?

Ya iya rabin aikin. Yanka, huda da basilla, ɗinki da goge baki duk ɗaya ne. Bambancin shi ne dukancinmu ya fi ƙarfi a fatar akuya da ta tumaki, inda laushi shi ne abin yabo. Jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai da wannan laushin, Turawa suna kiran fatarta ta Maroko don ta can ayari ke fitar da ita a da. Kuben bindiga kuwa tauri yake so. Dole ya rufe kunamar bindiga ruf, ya riƙe ta ko mutum ya sunkuya, bakinsa kuma ya tsaya a buɗe bayan an zare ta. Kuben da ya yi laushi yana iya lanƙwashewa ya shiga wurin kunama lokacin mayar da bindiga, ta tashi a jikin mai ita.

A ina wannan sana'a ta fi kafuwa?

A Amurka, inda doka ta sassauta riƙe bindiga. Samfuran da masu koyo ke kwaikwayo yawanci daga can suke: akwai mai sunan Tom Threepersons, wanda shagon S.D. Myres na garin El Paso ya yaɗa a shekarun 1920, da wani mai falle biyu da ke lafewa a ƙugu, na Roy Baker, a shekarun 1970. A Nijeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da ba a riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa. Baduku na nan, in aikin ya zo masa, daga jami'in tsaro ne ko masu shirya fim.

Wace fata za a nema?

Fatar saniya da aka jeme da itatuwa, irin jimar bagaruwa da majemanmu suka saba, mai kaurin kusan milimita 3. A ɗauko daga kafaɗa ko gadon baya, a bar ta ciki domin tana miƙewa. Fatar da aka jeme da sinadarin kurom, wadda kamfanoni ke yi don takalma da jakunkuna, ba ta karɓar siffa in an jiƙa ta. Kada arha ta ja mutum.

Ta yaya fata ke ɗaukar siffar bindigar?

Nan ne gwaninta take. Da farko a zana bindigar a kwali, a bar rata tsakanin jikinta da layin ɗinki gwargwadon kaurinta, domin in ɗinki ya matso da yawa ba za ta shiga ba, in ya yi nisa kuma za ta riƙa kai-kawo a ciki. A yanka fata, a manne, a huda, a ɗinka da allura biyu a zare ɗaya mai kaki, kowace tana ratsa rami guda ta ɓangarenta. Amfanin wannan ɗinki shi ne ko zare ya tsinke a wuri ɗaya sauran ba ya warwarewa. Huji 6 a kowane inci ya wadatar. In aka cika kusanta su, sai fatar ta yage a kan layin.

Sannan a tsoma kuben a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, a fitar, a jira har launinsa ya fara komawa na asali amma yana da sanyi a hannu. Mai gaggawa a nan yake faɗuwa, don fatar da ta jiƙe sharkaf ba ta riƙe shaidar da aka danna mata. A cusa samfurin bindigar na roba, wanda ake yi daidai girman ta gaskiya. In ta gaskiyar ce, a cire harsashi, a duba sau biyu, a naɗe ta da leda saboda tsatsa. A manna fensir a bayanta tun daga tsinin saiti da ke saman bakinta, don ya bar masa hanyar fita. Sai a bi kowane lungu da yatsa da guntun ƙashi ko ƙaho mai santsi, musamman kewayen kunama, inda riƙon yake. A bar shi ya bushe a inuwa kwana guda. Ranar bazara ko bakin murhu na ƙanƙance fata ta tsattsage.

Rini fa, kafin ɗinki ko bayansa?

Masu sana'ar sun rabu, amma ni ina bayan kafin. Wurin da gam ya taɓa, ko wanda ƙashi ya goge ya yi sheƙi, ba ya shan rini sosai, sai aiki ya fito dabbare-dabbare. Rinin kwalba irin na kamfanin Fiebing's a surka shi, a shafa sau biyu ko uku siriri, a bari ya bushe, a murje da tsumma har ya daina fita, in ba haka ba farar riga ce za ta biya.

Baƙin launi kuwa ba sai an saya ba. Amurkawa na jiƙa ƙarfe a ruwan khal, ruwan ya haɗu da sinadarin jimar da ke cikin fata ta koma baƙa har ciki. Dabarar kuloko ce da dukawa suka daɗe suna yi. A ɗauraye da ruwan sodar girki bayan haka, don tsamin kada ya ci fatar. Mai son ja kuma karan dafi na nan.

Nawa ne man da za a shafa a ƙarshe?

Kaɗan ƙwarai, shafa ɗaya a waje, don rini yana busar da fata. Hannun da ya saba laƙaƙa wa takalmi mai ya kame kansa, domin mai da yawa zai rusa taurin da aka sha wahala a kai, kuma ba ya fita. A kankare bakin, a jiƙa kaɗan, a goge da katako da kakin zuma har ya yi sulɓi, sannan a rufe ciki da waje da man kariya mai hana gumi shiga. In sabon kube ya matse, a sa samfurin cikin leda mai kauri, a cusa, a bar shi ya kwana a ciki.