Guguwa ta wuce, amma masu ciwon suga da hawan jini fa?

Ranar 20 ga Satumba, 2017 mahaukaciyar guguwar Maria ta afka wa tsibirin Puerto Rico da ke ƙarƙashin Amurka. Da farko hukuma ta ce mutum 64 ne suka rasu. Sai a watan Agustan 2018, bayan binciken Jami'ar George Washington, gwamnatin tsibirin ta amince cewa adadin ya kai 2,975 a cikin wata shida. Wannan tazarar ce ta sa ni rubutun nan, a matsayina na ma'aikacin lafiya.

Galibin mutanen nan ba iska ce ta ɗauke su ba, ba kuma gini ne ya rufta musu ba. Sun tsira a daren, suka mutu daga baya a gidajensu. Wutar lantarki ta ɗauke a tsibirin baki ɗaya, wasu yankunan sai da suka yi kusan wata 11 a duhu. Mai wankin ƙoda yana buƙatar inji sau uku a mako, ga hanya ta toshe, ga asibiti na fama da man janareta. Allurar insulin ta masu ciwon suga tana son sanyi, firji kuwa ya mutu. Dattijo mai hawan jini maganinsa ya ƙare, kantin magani a rufe. Tsofaffi da talakawa su suka fi shan wuya. Ga kuma waɗanda suka sha ruwan rafi ko suka kutsa cikin kwata, suka kamu da cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa.

Mu ba ma samun irin wannan guguwa ta teku, amma wanda ya ga Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024 ya san yadda gari ke komawa idan ruwa ya janye: ana ta kwashe laka, ana neman abinci da tamfol, an manta da Baba da ke kwance a ɗaki ba ya iya fita.

Don haka, 'yan uwa, tun kafin damina ta kankama, duk mai shan magani kullum ya tanadi na mako biyu, ya ƙulle shi a leda tare da katin asibitinsa. A rubuta sunan maganin a takarda, kada a dogara da "farar ƙwayar nan". Idan babu wuta, a sa insulin a leda a ajiye a jikin randa mai sanyi, nesa da rana. A tafasa ruwan sha. Janareta kuma a waje, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kashe mutane suna barci.

Matasan unguwa, ku san gidajen da ke da tsoho ko majinyaci tun yanzu, ku ba mai unguwa sunayensu. Ranar da ruwa ya janye, ƙofofinsu za ku fara bugawa, ku tambaya: "Baba, maganinka na kwana nawa ya rage?"