Funfuna a Kayan Ajiya

Funfuna, wasu su ce fumfuna ko hunhuna, halitta ce 'yar dangin laimar kwaɗi da ke tsirowa a kan tufafi, fata, takarda, katako da hatsi idan sun daɗe a wuri mai danshi. Takan fito kamar ƙura mai gashi-gashi, fara ko koriya ko baƙa. Sau da yawa warinta ke fara tona ta, irin warin nan da ke bugun hanci idan an buɗe akwatin da ya shafe damina a rufe.

Yadda take kamawa

Irinta ido ba ya ganinsa, kuma yana yawo a iskar kowane ɗaki komai tsabtarsa. Danshi kawai yake jira. Idan danshin iska ya haura kashi 65 zuwa 70 cikin 100 ya zauna a haka, sai ya tsiro, musamman a zafin da ke tsakanin digiri 20 da 30. Kayan da suka jiƙe sharkaf kuwa, kwana ɗaya ko biyu ya isa. Shi ya sa a ƙasar Hausa ta fi ɓarna da marka, cikin watan Agusta, sa'ad da rana kan yi kwanaki ba ta leƙo ba. Da hunturu ya kama sai ta lafa.

Hatsi

Manomi ya daɗe da sanin maganinta. Ana ɗora rumbu a kan duwatsu don kada ya sha laimar ƙasa, a kifa masa jinka, kuma ba a zuba dami sai ya bushe ƙayau. Gwajin gargajiya shi ne cizo: ƙwayar da ta bushe takan fashe ƙas a haƙori. Akwai kuma gwajin gishiri, inda ake zuba ƙwayoyin hatsi da busasshen gishiri a kwalba, a girgiza, a bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Masara na bukatar danshinta ya sauka zuwa kusan kashi 13, gyaɗa kuwa kashi 7 zuwa 8.

Abin tsoro a nan shi ne guba. Nau'in funfunar da masana ke kira Aspergillus flavus yana fitar da dafin afalatoksin, mai lalata hanta. An gano dafin ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin gurɓatacciyar masara. Dafuwa ba ta kashe wannan dafin.

Rubuce-rubucen Timbuktu

Babu misalin da ya fi wannan nuna ƙarfin danshi. Littattafan hannu na Timbuktu da ke ƙasar Mali, wasunsu ana kyautata zaton sun kai ƙarni na 13, sun yi ɗaruruwan shekaru a gidajen malamai, warƙa-warƙa cikin marufin fata, kamar yadda ake adana irinsu a gafaka a Kano da Sakkwato. Gara da ƙura sun ci rabonsu, amma bushewar hamada ta tsare su daga funfuna, domin ruwan da garin ke samu a shekara bai cika kai milimita 200 ba.

Da 'yan bindiga suka ƙwace garin a 2012, Abdulƙadir Haidara, mai kula da wani ɗakin adana littattafai a garin, da abokan aikinsa suka riƙa fitar da littattafan a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, wasu a mota, wasu a kwalekwale ta Kogin Neja, har Bamako, babban birnin ƙasar. Akwai saɓani kan adadinsu. An fi ambaton sama da 300,000. Sun tsira daga wuta, sai ga wata barazanar: Bamako na samun ruwa kusan milimita 1,000 a shekara, ga takardun a cushe cikin ƙarfe babu inda iska za ta ratsa. Dole aka nemi na'urorin tsotse danshi, aka shiga ƙera wa littattafan kwalaye na musamman, ana kuma ɗaukar hotonsu shafi bayan shafi.

Tufafi da kayan ɗaki

A wanke kaya, su bushe sarai kafin a naɗe, domin gumi, maiƙo da sitaci duk abincinta ne. Takalmin fata da jaka su ne kan gaba wajen kamawa. Kada akwati ya zauna kai tsaye a kan siminti ko ya jingina da bango. Ɗan katako a ƙarƙashinsa ya wadatar. Leda tana riƙe danshin da aka rufe da shi, don haka zanen auduga ya fi ta. Ƙananan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi suna tsotse danshi, wasu kuma kan sa gawayi. Kafur ƙwari yake kora, ba ya busar da komai. Ranar da rana ta buɗe a tsakiyar damina, a fitar da kaya a shanya, amma a bari su huce kafin a mayar.

Bayan ta kama

Ana kakkaɓe ta a waje, hanci a rufe, domin tana tayar da asma. Littafi a inuwa ake busar da shi, ba a goga masa ruwa.