Cinikin Alex Rodriguez da ya cije a 2003: wa ya hana shi, kuma wa ke da gaskiya?

Fiye da shekara ashirin ke nan, amma har yau idan masoya wasan besbol a Amurka suka zauna hira, da wuya a tashi ba a taɓo cinikin da ya leƙo ya koma a watan Disambar 2003 ba. Boston Red Sox ta nemi Alex Rodriguez, shi ma yana so, ƙungiyarsa Texas Rangers ta yarda ta sallama, sai ga shi wata biyu bayan nan ya ɓulle a New York Yankees, babbar abokiyar gabar Boston.

Wane ne Rodriguez, kuma me ya sa ake son rabuwa da shi?

A lokacin babu ɗan wasan da ya kai shi. A Disambar 2000 ya sa hannu da Rangers kan kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 252, kuɗin da ba a taɓa ba wani ɗan wasa ba a wasannin Amurka. Bai kuwa ci kuɗin a banza ba. A kakar wasa uku ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili sau 156, aka kuma zaɓe shi gwarzon rukuninsu a 2003. Sai dai mutum ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk shekaru ukun nan Rangers ce ta ƙarshe a ɓangarenta, domin ba ta da masu jifa na kirki. Mai ƙungiyar, Tom Hicks, ya gaji da biyan kuɗi ba ya ganin nasara, Rodriguez kuma ya gaji da shan kashi.

Ita kuma Boston me ya tunzura ta?

Haushi ne. Rabonta da kofi tun 1918. Bayan ta sayar wa Yankees fitaccen ɗan wasanta Babe Ruth a ƙarshen 1919, Yankees ta yi ta kwasar kofuna, Boston kuwa ko ɗaya, har magoya bayanta suka ɗauka wani baki ne ke bin su. A Oktoban 2003 sun kai wasa na bakwai, na raba gardama a jerin karawarsu da Yankees, wanda duk ya ci zai je wasan ƙarshe na ɗaukar kofi. Suna gaba, aka rama, sannan wani Aaron Boone na Yankees ya buga ƙwallo ta fice daga fili a zagaye na 11. A riƙe sunan Boone, zai dawo.

Da wannan ciwon a zuci shugabannin Boston suka shiga kasuwa: John Henry mai ƙungiya, Larry Lucchino shugabanta, da Theo Epstein mai kula da cinikin 'yan wasa, wanda a lokacin bai ma cika shekara 30 ba. Masu bin Firimiya sun san biyu daga cikin mutanen wannan labari. Hicks ɗin nan shi ne ya sayi Liverpool tare da George Gillett a 2007, Henry kuma shi ne kamfaninsa ya karɓe ta daga hannunsu a 2010.

Yaya aka tsara cinikin?

A besbol ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar a ƙwallon ƙafa ba. Musaya ake yi, kuma ɗan wasa yana tafiya ne da kwantiraginsa yadda yake, sabuwar ƙungiya ta ci gaba da biya. Tsarin shi ne Boston ta ba Texas Manny Ramirez, gwanin bugu mai kwantiragin dala miliyan 160, da wani yaro mai jifa da ake raino, Jon Lester. Tun da Rodriguez da Nomar Garciaparra na Boston gurbi ɗaya suke tsarewa a fili, tsakanin zango na biyu da na uku, sai a tura Garciaparra Chicago White Sox a karɓo Magglio Ordóñez.

Nan ne hankalin 'yan Boston ya fara rabuwa. Garciaparra ɗan gida ne, a hannunsu ya tashi, yara na yawo da rigarsa mai lamba 5. Yana Hawaii hutun amarci da matarsa Mia Hamm, tauraruwar ƙwallon ƙafar mata, labarin ya ishe shi. Daga can ya buga waya gidan rediyon wasanni na Boston yana cewa shi fa bai nemi tafiya ba. Ana cikin haka abokin wasansa Kevin Millar ya fito a talabijin ya nuna ya fi son Rodriguez.

To ina gizo ya yi saƙa?

A kan kuɗi. Saura wa Rodriguez shekara 7 da dala miliyan 179. Boston ta ce nauyin ya yi mata yawa, ga Hicks yana neman a ƙara masa kuɗi don ya rage nauyin albashin Ramirez. Sai aka nemi Rodriguez ya sassauta, ya kuwa yarda a zaftare wajen dala miliyan 28 daga darajar kwantiraginsa. Kwamishinan wasan, Bud Selig, ya ba su 'yan kwanaki su daidaita.

Ranar 17 ga Disamba ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, ta bakin lauyanta Gene Orza, ta ce ba ta yarda ba. Yarjejeniyar da ke tsakaninta da masu ƙungiyoyi ta ba da damar sake fasalin kwantiragi idan ɗan wasa zai amfana, amma ba ta yarda a rage darajarsa kawai ba. Ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba: ta yi tayin ragin da bai kai rabin wancan ba, da sharaɗin a ba Rodriguez wasu haƙƙoƙin talla a madadi. Boston ta ƙi. Lucchino ya fitar da sanarwa mai zafi yana ɗora laifi a kan ƙungiyar ƙwadagon, aka yi ta kiki-kaka, kafin Kirsimeti Texas ta ce magana ta mutu. A Janairu har kyaftin ta naɗa Rodriguez.

Mutum ya yarda a rage masa kuɗinsa, ina ruwan wasu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin rai a Boston, kuma ba ta banza ba ce. Masu wannan ra'ayi suna cewa baligi ne, attajiri ne, yana da lauyoyi, ya zaɓi nasara a kan kuɗi, abin da kullum ake zargin 'yan wasa da ƙin yi. Ranar da aka samu wanda ya yi, sai ƙungiyar da ya kamata ta kare shi ta tare masa hanya?

Na fahimci zafin, amma ina tare da ƙungiyar ƙwadagon, kuma ba na ɓoyewa. Kusan shekara ɗari 'yan besbol suna ɗaure da wani sharaɗi da ya ba ƙungiya ikon riƙe mutum har abada a kan albashin da ta ga dama. Curt Flood ya ƙi yarda a yi musayarsa a 1969, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya faɗi a 1972, wasansa kuma ya ƙare a kan hanya. Sai a 1975, ƙarƙashin jagorancin Marvin Miller, shugaban ƙungiyar ƙwadagon a lokacin, 'yan wasa suka sami 'yancin zaɓar inda za su idan kwantiragi ya ƙare. A 1994 sun tafi yajin aikin da ya sa aka soke wasan ƙarshe na shekarar, don kada a ƙayyade albashi. Abin da suka samu da wannan wahala shi ne kwantiragin da ba a taɓawa: ko ka ji rauni, ko ƙarfinka ya ragu, sai an biya ka.

Rodriguez zai iya yafe miliyan 28 bai ji a jikinsa ba. Amma idan ɗan wasa mafi tsada ya buɗe wannan ƙofa, gobe mai ƙungiya zai kira wani tsoho da gwiwarsa ta fara ciwo, ya ce masa ko ka rage ko ka dawwama a benci, kuma ga Rodriguez nan ya yi. Wannan tsohon ba shi da bakin cewa a'a. Don shi aka yi dokar.

Akwai kuma abin da masu zagin Orza ba sa son ji. Tazarar da ta rage tsakanin tayin biyu dala miliyan goma sha wani abu ce, a shimfiɗe kan shekara bakwai. Ƙungiya mai arziki irin Boston, da ke neman gwarzon wasan baki ɗaya, ita ce ta tashi daga kan tabarmar ciniki a kan wannan.

Ta yaya Yankees ta shigo?

Ta dalilin Boone. A Janairun 2004 yana wasan ƙwallon kwando na nishaɗi ya tsinke jijiyar gwiwa, abin da kwantiraginsa ya hana shi yi, daga baya ma Yankees ta sallame shi. Gurbin zango na uku ya zama babu kowa. Rodriguez ya yarda ya bar gurbinsa ga kyaftin Derek Jeter ya koma can, ya kuma ajiye lambarsa 3 ya ɗauki 13, domin 3 ta Babe Ruth ce, ba a ba kowa. A tsakiyar Fabrairu aka sa albarka: Texas ta karɓi Alfonso Soriano da wani matashi, ta kuma ɗauki nauyin dala miliyan 67 daga cikin 179 ɗin. Ba a zaftare wa Rodriguez albashi ba. Henry ya fito yana kiran a ƙayyade abin da ƙungiyoyi za su kashe, George Steinbrenner mai Yankees ya mayar masa da cewa baƙin ciki ne ke damunsa.

Da Boston ta ci kofi a 2004, ba a kashe bakin mahawarar ba?

Ta canja salo ne kawai. A Yulin 2004 faɗa ya kaure a filin Fenway, inda mai tare ƙwallon Boston, Jason Varitek, ya cusa wa Rodriguez safar hannunsa a fuska, hoton da har yau yake rataye a shagunan birnin. Mako guda bayan nan aka yi musayar Garciaparra zuwa Chicago Cubs, domin tun Disamba zumuncin ya riga ya tsage. A Oktoba suka sake haɗuwa a jerin wasa bakwai na neman zuwa wasan ƙarshe, Yankees ta ci wasa uku a jere, Boston ta ci huɗu a jere, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin besbol. A wasa na shida Rodriguez ya doke ƙwallo daga hannun mai jifan Boston Bronson Arroyo yana gudu, alƙalai suka ce ya yi laifi, suka soke gudunsa. Boston ta lallasa St. Louis Cardinals huɗu da nema, ta ɗauki kofi bayan shekara 86. Gwarzon wasan ƙarshen kuwa Manny Ramirez ne, mutumin da aka so a rabu da shi. Lester ma ya girma, ya warke daga cutar daji, ya ci wasan da ya kawo kofin 2007.

Sai waɗanda suka tsine wa Orza a Disamba suka koma cewa shi ya cece su. Ɗaya ɓangaren na cewa a yi lissafi da kyau: Rodriguez ya sake zama gwarzon rukuni a 2005 da 2007, ya ci kofi da Yankees a 2009, kuma Boston mai shi da Ordóñez da gwanin bugunta David Ortiz za ta iya cin fiye da abin da ta ci. Masu ja da su kuma su tuno musu cewa a 2009 ya amsa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari lokacin yana Texas, an kuma dakatar da shi kakar 2014 gaba ɗaya. Sai a mayar musu da cewa shi ma Ramirez an dakatar da shi wasa 50 a 2009 kan irin wannan laifi, bayan ya koma Los Angeles Dodgers.

Wa ya fi yin asara a cikinsu?

A ganina Garciaparra ne. Bai nemi tafiya ba, bai sa hannu a komai ba, aka yi cinikinsa a bainar jama'a, cinikin ya watse, aka ce ya dawo ya saka riga kamar ba a yi ba. Wata uku kafin kofin da garin ya jira shekara 86, aka tura shi Chicago. Abokan wasansa sun sa an ba shi kasonsa na kuɗin nasarar da zoben zakarun. A 2010 ya sa hannu kan kwantiragin kwana ɗaya da Red Sox don ya yi ritaya da rigarsu.