Daskarar da Idon Itacen Marmari: Shin Irin Zai Canza?

Me ya sa ba a ajiye ƙwallon kawai a huta ba?

Na sha faɗa, ƙwallon tuffa ba ya fitar da uwarsa sak. Mai son irin da ya sani, ido ko kan toho zai ajiye.

Firizar gida za ta yi?

A'a. Maganar ruwan naitirojin ake yi, digiri 196 ƙasa da sifili.

Wannan sanyi ba ya taɓa ƙwayoyin gado?

Ku kwantar da hankalinku. A can ƙwayoyin halitta ba sa rabuwa, komai ya tsaya cik. Ƙanƙarar da ke fasa su ita ce abar tsoro, shi ya sa ake rage wa reshe ruwa tukuna. Tun 1960 masanin tsirrai Akira Sakai na Japan ya nuna reshe yana fitowa daga cikin ruwan naitirojin da ransa.

Na farfaɗo da nawa, yaya zan tabbatar shi ne?

To, nan fa sai a hankali. Ya danganta da hanyar da ka bi. In idon tuffa ne mai barcin hunturu, kamar yadda ake yi a Fort Collins ta Amurka, ka narkar ka yi masa aure da wani gindi, bai ma shiga kwalbar da ake rainon toho a ɗakin gwaji ba, don haka damuwata kaɗan ce. Ayaba kuwa, irin wadda ake ajiyewa a Leuven ta Beljiyam, dole ta bi ta kwalba. Duba da kyau: tohon daga kansa ya miƙe kore shar, ko sai da wani farin dunƙule mai kama da tsoka ya fara kumburowa? Wannan dunƙulen, wato kalus, nan ne sauyi ya fi ɓuya. Ni ba na yarda da shi.

Gwajin DNA, wato na ƙwayoyin gado, yana taimakawa, amma ɗan yanki kawai yake leƙawa. Wani sa'in kuma gadon yana nan daram, yadda yake aiki ne ya ɗan jirkita, kuma mai yiwuwa ya koma daidai. Ka dasa shi kusa da uwarsa, ka jira 'ya'ya, ka gwada ganye, fure da ɗanɗano.

Shekaru ke nan fa!

Ƙwarai. Itace ne, ba alayyafo ba.

Nawa ya fito daban, sanyin ne?

Kafin ka ɗora wa sanyi laifi, je ka duba lakabin bututun da ka daskarar da shi a ciki, kada a ce an musanya. Wa ya rubuta shi, da wane alƙalami?