Layin Dogon da Ya Koma Hanyar Keke da Makarantun Karkarar Wiskonsin: Tambayoyi da Amsoshi

Ina ne wannan wuri?

A yammacin jihar Wiskonsin ta Amurka yake, tsakanin garin Elroy da garin Sparta, tazarar kilomita 52. Tun 1873 jiragen ƙasa na kamfanin Chicago and North Western ke bi ta nan, suna tsayawa a ƙananan garuruwan Kendall da Wilton da Norwalk. Yau an kwashe ƙarafunan dogon, an zuba niƙaƙƙen farin dutse, masu keke da masu yawo a ƙafa ne ke bi. A 1967 aka buɗe hanyar, kuma ita ake ɗauka ta farko a Amurka da aka mayar daga layin dogo zuwa hanyar shaƙatawa.

Me ya kori jirgin?

Tuddai ne suka fara gajiyar da shi. Yankin hawa da gangara ne, har sai an ƙara wa jirgin kaya wani injin ya riƙa tura shi. A 1911 kamfanin ya shimfiɗa sabon layi a ƙasa mai laushin hawa, manyan jirage suka koma can. Daga baya motocin ɗaukar kaya da titunan kwalta suka kwashe ɗan cinikin da ya rage. A 1964 aka daina aiki da layin, gwamnatin jiha ta saye filin a kan dala 12,000. Araha kamar kyauta.

Me mai keke zai gani a hanyar?

Ramuka uku da aka huda a cikin dutse, su ne abin kallon. Biyu tsawonsu kimanin rabin kilomita ne, amma na kusa da Norwalk ya haura kilomita ɗaya, kuma shekara uku aka yi ana haƙarsa. Doka ce ka sauka daga keke ka tura shi. Ciki duhu ne ƙirin, sai da tocila, ruwa na ɗiga daga sama ya jiƙa maka riga, ga sanyi ko da ana tsakar zafi a waje. A bakin kowane rami akwai manyan ƙofofin katako. An yi su ne don hunturu, saboda idan iska mai sanyi ta shiga, ruwan da ke cikin dutsen ya daskare ya tsattsaga shi. A zamanin jirgi akwai masu gadi da aikinsu ke nan: su buɗe ƙofa jirgi ya wuce, su mayar su rufe. Har yanzu ana garƙame ramukan daga Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu.

To, ina makarantu suka shigo?

Manoman da ke kai kaya waɗannan tashoshi, 'ya'yansu a makarantun ɗaki guda suka yi karatu. Wiskonsin kaɗai ta taɓa samun irinsu fiye da 6,000. Dalilin yawansu ƙafa ce: yaro da ƙafa zai je, cikin dusar ƙanƙara, don haka dole makaranta ta kasance kusa da gona. Tun dokar filaye ta 1785 aka tsara cewa a kowane yanki mai kashi 36, a ware kashi na 16 don amfanin makaranta.

Yaya malami ɗaya yake koyar da aji takwas a ɗaki ɗaya?

Yawanci ma malama ce, sau da yawa budurwa da ba ta jima da gama nata karatun ba. Ita ce mai hura murhun itace da sassafe, ita ce mai shara. Takan kira 'yan aji ɗaya su fito gaba su yi karatunsu na 'yan mintuna, sauran suna zaune da aikinsu, sannan ta kira na gaba. Ƙaramin yaro yana jin darasin manya shekara da shekaru kafin ya kai gare shi, manya kuma suna taya ƙanana. Ruwa a bokiti ake ɗebowa, makewayi yana can waje. Wanda ya kai aji takwas sai ya zauna jarrabawar gunduma.

Masu tuna wannan zamani sukan zuzuta shi, amma a yi adalci: ingancin karatun ya dogara kacokan ga mutum ɗaya. In an dace da malama, an dace. In ba a dace ba, shekara ta tafi a banza.

Me ya sa aka rufe su?

Abin da ya kashe layin dogon shi ya kashe su, wato mota da titi. Da motar makaranta ta iya kwasar yara daga nesa, hujjar gina aji kusa da kowace gona ta faɗi. Ga tarakta ta rage buƙatar hannaye, gonaki suka haɗe, yara suka ragu. Gwamnatin jiha ta matsa a haɗe ƙananan gundumomin ilimi, kuma zuwa shekarun 1960 kusan duk an rufe su. Iyaye da yawa sun ƙi, ba don son tsohon gini ba: a nan ake taron unguwa da bikin Kirsimeti, kuma su ke da ta cewa a kan malama da kuɗin makaranta. Yau Norwalk da Wilton da maƙwabcinsu garin Ontario gundumar ilimi ɗaya ce.

Me ya sa layin ya tsira, makarantun suka watse?

Layin dogo doguwar igiya ce guda a hannun mai shi ɗaya, ciniki ɗaya ya isa a saye shi. Makarantu kuwa a warwatse suke, kowace da masu ita. Aka yi ta gwanjonsu ɗaya-ɗaya: wata ta zama gidan zama, wata ɗakin taron ƙaramar hukuma, wata rumbun ajiya, wata ta rushe.

Babu sauran makarantar ɗaki guda ke nan?

Akwai, a hannun Amishawa, Kiristocin nan masu noma da dawaki, da ke zaune a kewayen Wilton da Cashton. Suna gina nasu, su ɗauki malama daga cikinsu, karatu ya tsaya a aji takwas. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1972, a shari'ar jihar Wiskonsin da Yoder, wani uba daga cikin Amishawa, shi ya ba su damar tsayawa a nan.