Ina Motar Za Ta Kwana? Amsa Ga Masu Sayen Fulat a Kaduna

Zanen rukunin gidaje shi ne aikina. Tun da aka shiga yayin gina benaye a bayan gari ana sayar da su fulat-fulat, ta wajen Millennium City da hanyar Rigachikun, tambayoyin da ake yi mini ba sa canjawa. Bakina ya gaji da maimaita su a waya. Ga amsoshin nan, duk wanda ya sake kira nan zan turo shi.

Mene ne ma wannan tsarin na fulat-fulat?

Gini ɗaya, masu shi da yawa. Ɗakunanka naka ne. Matakala, rufi, tankin ruwa da farfajiya na kowa da kowa ne. Shi ke nan.

Me ya sa kake damun mutane da zancen mota tun ba a haƙa harsashi ba?

Saboda mota ta fi yadda kuke zato cin ƙasa. Wurin tsayuwarta kaɗai mita 2.5 ne a faɗi, mita 5 a tsawo. In ka haɗa da hanyar da za ta bi ta juya ta fita, kowace ɗaya tana cin murabba'in mita 25 ko fiye. Bene mai fulat 12, kowane gida da mota biyu, ta maigida da ta uwargida, motoci 24 ke nan, murabba'in mita 600. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 da kuke alfahari da shi bai ma kai 500 ba. Mai gini ya san wannan lissafin sarai, amma fulat yake sayarwa, shi ya sa yake cika filin da bulo, ya bar muku rigimar. Tun ran gini ran zane.

To a ina ya kamata a ajiye su?

A baya, ko a gefe. Ƙofar gida ta kalli hanyar da mutane ke bi. Mashigar mota ɗaya ta isa, kar kowane gida ya yanka tasa.

Amma ni ina so in leƙa ta taga in ga motata.

Alhaji, na ji, kuma ban ce tsoron ɓarayi shirme ba ne. Sai dai ƙarfe biyun dare kana barci, tagar ba ta gadin komai. Motocin da aka tara wuri guda, da fitila mai aiki da hasken rana, da ƙofa ɗaya da maigadi ke zaune a bakinta, sun fi tsaro a kan waɗanda aka warwatsa gindin kowace katanga. A bar tagogin kicin suna kallon wurin, don ido ya yawaita a kai. Tafiyar taku talatin zuwa motarka ba za ta rage ka da komai ba.

Na riga na sayi fulat. Wurin da na saba ajiye motata nawa ne?

Nan fa sai a yi a hankali, don ba zan iya ce maka e ko a'a ba sai na ga takardarka. A Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne. A irin waɗannan benaye, sau da yawa babbar takardar filin da KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, ta bayar tana ɗauke da sunan mai ginin, kai kuma abin da ke hannunka yarjejeniya ce da ta rataya a jikin waccan. Saboda haka ɗauko ta ka karanta. In an rubuta lambar wurin ajiye mota, kuma an nuna shi a taswirar da ke manne da takardar, kana da abin kafa hujja. In cewa kawai aka yi akwai wurin ajiye motoci, to mai yiwuwa izinin amfani aka ba ka tare da kowa, wanda ya riga zuwa shi ya samu. In kuma ba a ambaci komai ba, dillali ne ya nuna maka da yatsa ya ce "nan naka ne, ranka ya daɗe", to ka sayi magana.

Ko a inda aka rubuta ɗin ma akwai saura. Kana iya ba wani haya? Kana iya kafa rumfar kwano a kai? In ka sayar da fulat ɗin, wurin yana bin sa? Wasu takardun sun fayyace, wasu sun yi gum. Na taɓa zuwa wani rukuni inda na ga rigimar da idona: ƙarfe shida da rabi na safe wata Hajiya tana tsaye da yara uku cikin kayan makaranta, tana ta danna ƙararrawar maƙwabcin da ya toshe ta, shi kuwa ya tafi Abuja a jirgin ƙasa da makullin a aljihu. Wurare goma aka zana, gidaje goma sha shida aka sayar, kuma kowannensu an yi masa alkawari da baki.

Shawarata, kuma shawara ce kawai: kafin ka ɗaga murya, kai takardar wurin lauya. Sannan ku masu gidajen ku zauna ku rubuta ƙa'ida, mota ɗaya tabbas ga kowane gida, ta biyu a biya mata kuɗin wata a zuba a asusun gyara. Wani wurin wannan yana aiki, wani wurin sai an kai ruwa rana, musamman in mai ginin ya riƙe wasu fulat ɗin yana bayarwa haya. Kwantar da hankalinka, yawanci ana sasantawa ba a je kotu ba.

Murfin lambatu bai isa hanyar ƙafa ba?

Bai isa ba. Damina ɗaya, ruwan Agusta ya cika shi da yashi, a ɗaga murafen don yashewa, rabinsu ba za su koma ba. Hanyar ƙafa tana son aƙalla mita 1.5, yadda mai goyo da mai tura kurar ruwa za su wuce juna, kuma a ɗaga ta sama da titi don kar mota ta hau. Ku dubi titunan da aka sabunta cikin gari daga 2019, inda aka yi wa masu tafiya gefensu. Inda ba a tsare gefen ba, motoci da masu kaya sun mamaye shi.

Ba titi mai faɗi ne alamar unguwar manya ba?

Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, gayyatar gudu ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kilomita 30 a awa inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, don a wannan gudun wanda aka buge ya fi samun damar tsira. Cikin rukuni mita 6 ta ishi mota biyu su gifta. Ku da kanku kuke neman titi kamar Ahmadu Bello Way a ƙofar gida, bayan wata shida kuma ku tara kuɗi ku zuba tudun siminti kowane taku ashirin. Yaranku ne fa ke dawowa Islamiyya da magariba a kan titin nan.

Katanga da get ɗaya ba su ne tsaro ba?

Ga mota, e. Amma masallaci yana bayan katangarka, mita 100, sai ka zagaya kusan kilomita kafin ka isa, ƙarshe ka tada mota don sayen burodi. A buɗe ƙaramar ƙofar ƙafa da ake kullewa bayan isha'i. Ma'aunin da muke amfani da shi mita 400 ne, tafiyar minti biyar: masallaci, shago da inda ake samun Keke Napep su faɗo ciki.

Ranar suna ko zaman makoki fa, ina baƙi za su tsaya?

Tambaya mai kyau, ba kasafai ake yin ta ba. Kar a shafe fili da siminti saboda kwana uku a shekara. A bar fili mai ciyawa ko tsakuwa, yara su buga ƙwallo kullum, ranar taro a kafa rumfa a gefe, motoci su shiga sauran.

KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ta sa hannu a zanen, ba shi ke nan ba?

Izini ta bayar a kan abin da aka kai mata. Nemi kwafin zanen mai hatimi, ka je filin, ka ƙirga wuraren ajiye mota da ƙafarka. Na sha ganin inda takarda ta ce wurin motoci, ƙasa kuma ta nuna ɗakin janareto.

Bishiya ba za ta fasa mana daɓe ba?

In an dasa ta jikin katanga, za ta fasa. A ba ta raminta, nesa da gini da bututun ruwa. Je ka taka Unguwar Rimi a ƙarƙashin tsofaffin bishiyoyinta da azahar a watan Maris, sannan ka taka sabon rukunin da babu ko darbejiya ɗaya, ka dawo mu yi magana.