Ƙafa 50 tsakaninka da doki: abin da dokar Currituck ta hana

A gundumar Currituck da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, laifi ne mutum ya matsa kusa da dokin jeji da gangan har tazarar da ke tsakaninsu ta gaza ƙafa 50, wato kimanin mita 15. Haka nan ba a ba shi abinci, ba a shafa shi, ba a hawansa, ba a yi masa wata dabara don ya matso. Wanda aka kama, tararsa na iya kai dala 500. Tun 1989 aka kafa dokar.

Dawakin da ake magana a kansu sun kai kimanin 100. Suna kiwo a arewacin ƙauyen Corolla, kan zirin yashin nan da ake kira Outer Banks, mai tekun Atlantika ta gabas da wani ruwan ta yamma. Ana danganta asalinsu da dawakin da Sifaniyawa suka ƙetaro da su a ƙarni na 16. Ba su san turke ba, ba su san linzami ba. Da aka shimfiɗa kwalta zuwa ƙauyen a shekarun 1980, motoci suka yi ta banke su, har kusan 20 suka mutu cikin shekara goma. Daga baya aka ja shinge daga bakin teku zuwa ɗaya ruwan, aka kora garken arewa, inda kwalta ta ƙare, sai mota mai jan ƙafa huɗu ke iya bin rairayi.

Maganar tazara ba ta da wuyar fahimta. Ingarman da ke tsaron goɗiyoyinsa yana cizo yana harbi, kuma idan biyu suka kaure da faɗa ba sa duba wanda ke tsaye da waya a hannu. Hanin ciyarwa ne yake ɗaure wa baƙi kai. Mu da muka saba ganin doki da dusa da harawa a gabansa, sai mu ga miƙa masa karas ai alheri ne. To cikin waɗannan dawakin bai san komai ba sai ciyawar bakin teku mai kaushi da 'ya'yan itatuwan wurin. Baƙon abinci yana jawo musu murɗar ciki, ga shi doki ba ya iya amai. A watan Yulin 2020 tuffa ta maƙale wa wani duƙushi ɗan shekara ɗaya mai suna Danny a maƙogwaro, ya mutu.

Ko abincin bai kashe shi ba, sabo zai cuce shi. Dokin da ya ɗanɗana abin hannun mutum zai fara bin motoci da gidajen haya, ya daina tsoro, wata rana ya ciji wani ko mota ta same shi. Daga nan ƙungiyar Corolla Wild Horse Fund, mai kula da garken, dole ta ɗauke shi zuwa gonarta. Wanda aka fitar kuwa ba ya komawa, don gudun kada ya kwaso wa sauran wata cuta. A ganina dala 500 ta yi kaɗan ga wanda ya jawo haka.

To idan kana zaune dokin ne ya nufo ka fa? Dokar ta ce "da gangan", saboda haka zuwansa ba laifinka ba ne. Amma abin da ake so shi ne ka tashi ka ba shi wuri, ko ka shige mota ka ɗaga gilashi. Wanda ya tsaya yana kiransa da leɓe don hoto ya yi kyau ya riga ya faɗa cikin jawowar da aka hana. Jami'an tsaro da masu kula da dawakin da likitocin dabbobi ne kaɗai aka ɗauke wa wannan iyaka, su ma a bakin aiki.

Kowane tsibiri mai irin waɗannan dawakin jeji da nasa ma'auni, don haka a karanta allon da aka kafa a wurin. A tsibirin Shackleford Banks, shi ma a Karolina ta Arewa, ƙafa 50 ce ita ma, kuma dokar tarayya ta 1998 ce ke kare garken da ke can. A Assateague, ɓangaren jihar Maryland, ƙafa 40 ake nema, sannan ana buƙatar masu kwana a tanti su kulle abincinsu inda doki ba zai kai ba. A can ne a 2022 hukuma ta ɗauke wani ingarma da ake kira Chip, bayan ya saba da abincin mutane har yana raunata su a kansa, aka kai shi wata gonar ajiye dabbobi a jihar Texas.